Makullin rumfa na hannun Alhaji, na zauren WhatsApp fa?

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako da ke Laranto a Jos da sassafe ya san yadda gari ke wayewa a can. Ga hazo, ga sanyi mai shiga ƙashi, injin yankan katako ya fara kuka, 'yan dako na sauke falankai daga bayan tirela, can wajen 'yan gwanjo kuma ana ta kwance dilolin rigunan sanyi. Amma kafin a ɗaga ƙofar rumfar farko, an riga an ci rabin kasuwar ranar a waya. Direban da ya taso daga kudu ya turo saƙon murya cewa ya wuce Akwanga. Yaron shago ya ɗauki hoton takardar kaya. Maigida ya faɗi sabon kuɗin tu-bai-fo da na falawud. Duk a cikin zauren WhatsApp ɗaya, wanda yawanci ba a ma tuna ranar da aka buɗe shi.

Ina da wani yaya, Alhaji, ɗan wan mahaifina, mai rumfunan katako uku a kasuwar da ma'aikata wajen 15 idan aka haɗa da direbobi. Bara ya sallami babban yaronsa bayan shekaru suna tare. An rabu lafiya, an ba shi jari, ya miƙa makullan rumfa da littafin bashi, ya kama tasa rumfar 'yan layuka kaɗan daga nan. Bayan wasu watanni sai Alhaji ya lura duk sanda ya yanka wa ɗan kwangila farashi, sai mutumin ya ce zai je ya dawo, daga nan shiru. Kayan kuwa a rumfar tsohon yaron ake ɗauka, da ragin da bai taka kara ya karya ba. Har an fara zargin wani direba da kai gulma. Ɗan Alhaji ne ya duba jerin 'yan zauren WhatsApp na rumfunan ya ga sunan tsohon yaron yana nan daram.

"To cire shi mana," in ji Alhaji.

"Baba, ba ya ciruwa. Shi ya buɗe zauren."

Gaskiya ɗan nasa ya faɗa. Tun 2018 WhatsApp ya tsara cewa wanda ya ƙirƙiri zaure babu admin ɗin da zai iya fitar da shi ko ya sauke shi, sai in shi ya fita don kansa. An yi haka ne don kada a ƙwace wa mutum zauren da ya kafa na 'yan'uwa ko abokai. A wajen kasuwanci kuwa, abin da hakan ke nufi shi ne duk wanda ya fi iya latsa waya a ranar da aka ce "a buɗe mana guruf", shi ne mai gidan, ko da kuwa shi ne ƙaramin yaron shago. Akwai ma na biyu: idan admin ɗaya tilo ya fita, manhajar ce ke zaɓen wani daga cikin mambobi ta ɗora masa, ba tare da shawarar kowa ba. Ko an yi sa'a mutum ya ciru, duk abin da ya riga ya sauka a wayarsa, farashi ne, lambobin masu kawo kaya ne, hotunan rasit ne, yana nan tare da shi.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke biyan kuɗi don samun dandalin hira na cikin gida. Yammer ya fito a 2008, Microsoft ya saye shi a 2012 kan dala biliyan 1.2, yanzu sunansa Viva Engage. Slack ya biyo baya a 2013, Teams a 2017. A ido duk hira ce irin ta WhatsApp, ana gaisawa, ana tura hoto. Bambancin yana wajen mallaka. Kamfani ne ke buɗe wa ma'aikaci asusu, ranar da ya ajiye aiki a rufe, shi ke nan ƙofa ta kulle a bayansa, tarihin maganganu kuma ya zauna a hannun kamfani. Bankuna da kamfanonin sadarwa suna da ma'aikaci takanas wanda aikinsa ke nan.

Ba ina cewa mai rumfa a Katako ya je ya yi rajistar Slack ba. Kuɗin da dala ake biya kan kowane mutum a kowane wata, kuma direban da saƙon murya ya fi masa sauƙi ba zai koyi sabuwar manhaja don a burge kowa ba. Su ma waɗancan ba dawwamammu ba ne. Facebook ya kafa nasa mai suna Workplace a 2016, a Mayun 2024 kamfanin ya sanar zai rufe shi, dole masu amfani da shi suka tattara komatsansu suka nemi wani wuri. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 ma, da WhatsApp da Facebook suka ɗauke na kusan awa 6, kowa ya ɗanɗana.

Abin koyi a wajensu shi ne sun ɗauki riƙon zaure a matsayin muƙami. Mu kuwa da muka gaji tsarin sarkin kasuwa da shugaban layi da ma'aji bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ba wanda ke ba wa sabon yaro makullin sito a makonsa na farko. To admin ma mai makulli ne: shi ke shigarwa, shi ke fitarwa, tun 2022 kuma yana iya goge saƙon kowa. A buɗe zauren da layin da aka ware wa harkar, wanda aka yi wa rajista da lambar NIN ta mai dukiyar, wayar kuma tana hannunsa. A naɗa admin biyu, kada a wuce uku. A sa wa layin lambar sirri ta tabbatarwa mai mataki biyu, domin 'yan damfara sun gwanance wajen kiran mutum su ce ya karanto musu lambobi 6 da aka turo masa "don taron ƙungiya", da ya karanta sun ɗauke asusun, sai su shiga zaure da sunansa suna neman a tura kuɗi. A riƙa duba jerin mambobi lokaci-lokaci, saboda layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na sake sayar da shi, wata rana sai ka tarar baƙo ne zaune a gurbin tsohon direbanka. Wanda ke ganin wannan sakacin ƙananan mutane ne ya tuna Maris ɗin 2025, lokacin da manyan jami'an tsaron Amurka suka saka editan mujallar The Atlantic cikin zaurensu na Signal bisa kuskure, suna tsaka da tattauna harin da za su kai Yaman.

Sai maganar abin da ake turawa, wadda a Jos ta fi ko'ina nauyi. Rumfa ɗaya a Katako za ka samu Bahaushe da Ibo da Birom da Jarawa suna cin abinci a inuwa ɗaya, wani ya tafi masallaci ranar Juma'a, wani coci ranar Lahadi. Mutanen nan sun ga Satumbar 2001, sun ga gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, sun ga Nuwambar 2008 da wutarta ta shiga Katakon kanta, sun ga Janairun 2010. Sun san saurin da "an ce an fara a can" ke yi. A binciken da BBC ta fitar a Nuwambar 2018, 'yan sandan Filato sun ce hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun ƙara rura wutar ramuwar gayya bayan kashe-kashen watan Yunin shekarar a yankin Gashish na Barikin Ladi, ɗaya daga cikin hotunan ma daga Kongo Barazabil ya fito, shekaru kafin rikicin. Irin wannan hoto in ya faɗo zauren aiki da ƙarfe 10 na safe, ko ba a yi faɗa ba, an rufe rumfa, an daina haɗa ido.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a hana maganar tsaro gaba ɗaya ba. Direban da ke shigowa gari da tirela yana bukatar sanin ko an sa dokar hana fita, ko wace hanya ce a buɗe. A ɗora wa mutum ɗaya mai nutsuwa wannan aikin, wanda zai kira ya tabbatar kafin ya rubuta, saura kowa ya kai masa abin da ya ji ta bayan fage. Ranar da gari ya yi zafi, akwai maɓallin da ke sa admin kaɗai ke iya tura saƙo, a danna shi. Shi kansa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda tun Janairun 2019, kuma jita-jita ce ta jawo. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ya tanadi hukunci ga mai aika abin da ya san ƙarya ne don tada zaune tsaye.

Hotunan barka da Juma'a da katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa kuwa, hana su ɓata baki ne, kuma su ne ke sa abokin aiki ya zama ɗan'uwa. A buɗe musu zaure na biyu, don kada alat ɗin naira miliyan 2 ya nutse a tsakanin furanni.

Shi ma maigida da nasa laifin. Akwai mai tura umarni da ƙarfe 12 na dare, da asuba ya hau faɗa don ya ga alamar an karanta ba a amsa ba. Akwai mai wanke ma'aikaci tas a gaban mutum 20, abin da da baki ne zai ja shi gefe. Magana zarar bunu ce, ta waya kuma har hotonta ake ɗauka.

Akwai kuma amanar mutanen da ba sa cikin zauren. Hoton katin shaidar mai karɓar kaya bashi, lambar asusun kwastoma, adireshin gidan da za a kai falankai, duk suna sauka a wayoyi 15, wasu wayoyin yara ke wasa da su da daddare. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan a wuyan wanda ya karɓa. A gefe guda kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan na'ura bisa sharuɗɗa, don haka wanda ya kunna saƙonni masu gogewa bayan kwana 7 a zauren da ake maganar bashi, hujjarsa yake sharewa da hannunsa. Cinikin da ya kai ciniki a mayar da shi littafi kafin a tashi kasuwa.

Yayana dai bai je ya roƙi tsohon yaronsa ya fita ba, ya ce girmansa bai ba shi ba. Sabon layi ya saya da sunansa, ɗansa ya buɗe wani zauren da shi, aka kwashe ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, akawunsa ya zama admin na biyu. Tsohon zauren yana nan ba a rufe ba. Da na leƙa wayar Alhaji makon jiya, saƙon ƙarshe a ciki na tsohon yaron ne, hoton masallacin Madina da barka da Juma'a, mutum huɗu sun amsa da amin, har da Alhajin.