Raddi ga masu cewa bushin sifirin ba abin kashe wa kuɗi ba ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da wasu kanikawanmu: wai muddin sifirin bai karye ba, 'yar robar nan da ke cikin idonsa, wato bush, ba ta kai a tayar da hankali ba. In ta cinye, a yanko tsohuwar taya a cusa, a ɗaure noti tamau, a koma neman abinci. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Sun ga akori-kura Fijo 504, haɗin Kaduna, ta yi shekaru tana kwasar buhuna a Dawanau tana ƙara a baya, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ga kuma tsadar kaya a Ƙofar Ruwa da Panteka, wadda ba wanda zai musa.

Sai dai, 'yan'uwa, a duba yadda abin yake aiki. Sifirin a lanƙwashe yake kamar baka. Da an ɗora kaya sai ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru. Shi ya sa aka kafe gabansa a jikin mota, bayansa kuma aka rataye shi a ɗan ƙarfen da ke lilo. Duk wannan motsi a kan bush yake juyawa. Abin da aka fi mantawa shi ne, a motoci irin su Hilux da Hiace da Canter, sifirin ne ke riƙe da aksul na baya a mazauninsa. Ƙarfin da ke tura mota gaba da na birki duk ta idon gaba suke bi. In bush ya mutu a gefe guda, aksul zai riƙa gocewa, mota ta riƙa tafiya a karkace, taya tana cin gefe ɗaya. Direba ya yi ta zargin sitiyari, alhali ciwon yana baya.

Batun araha ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Bush na gaskiya an auna shi daidai da faɗin idon, wani ma da bututun ƙarfe a cikinsa. Yankin taya ba ya cika gurbin, nan da nan yake murƙushewa. Daga nan ƙarfe ya shiga cin ƙarfe: ƙusar da ta ratsa idon ta sirance, idon ya buɗe ya bar zagayensa. Idon da ya buɗe kuwa ba ya riƙe sabon bush, sai an sayi babban ganyen sifirin ɗungurungum. An guje wa ƙaramin kashe kuɗi, an faɗa babba, ga asarar taya.

Inda na fi so a tsaya shi ne wurin ɗauri, domin nan ne ko mai sabon bush yake yin asara. Mota tana kan jak, sifirin a sake yake, yana reto. In aka ƙulle noti a haka, da an sauke ta sai nauyi ya murɗe robar, ta zauna a murɗe dare da rana har ta tsage. Sai a ce jabu aka sayo, alhali ɗaurin ne. Daidai shi ne a kama notin sama-sama, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, sannan a ƙarasa.

Baƙin mai da giris kuma, da ake shafawa don bush ya shige da sauƙi, suna kumbura roba su lalata ta. Ruwan sabulu ya wadatar. Manyan motoci masu bushin ƙarfe da bakin zuba giris, su kam hukuncinsu daban, giris ne abincinsu.

Malam direba, in za ka canza, ka canza hagu da dama tare. Kada ka bari yaro ya shiga ƙarƙashi ba a tokare motar da wani abu bayan jak ba, kuma ka tsaya har ka ga tayoyi sun taka ƙasa kafin a yi ɗaurin ƙarshe.