KUTURTA TA SAMI MAGANI, SAURA ƘYAMAR MUTANE

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ya san su. Ana ganinsu a ƙofar masallacin Juma'a a Sabo, da bakin kasuwa, da Okobaba ta Ebute Meta, suna riƙe da ƙoƙo tsakanin dungu biyu, mai wucewa ya jefa sadaka daga nesa ya ƙara sauri. Abin da yawancin masu sadakar ba su sani ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun sha magani sun warke tun da daɗewa, ba sauran ƙwayar cuta a jikinsu da za ta kama wani. Yatsun da suka tafi ne ba su dawowa, don haka sunan ya bi mutum har kabari.

A gida akan ce kuturta gado ce, waɗansu kuma su ce sakayyar rantsuwar ƙarya ce. Likitoci dai abin da suka gani a madubinsu ƙwayar cuta ce, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Tana bin numfashi, sai an daɗe ana zama tare da wanda bai sha magani ba take kama mutum, kuma cikin mutum 100 wajen 95 ko sun haɗu da ita ba za ta yi musu kome ba. Ita cutar jijiyoyi take kashewa, hannu da ƙafa su daina jin zafi. Sai mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ci, yatsa ya tafi.

A cikin shekarun 1930 ne En'e-En'e suka haɗa kai da 'yan mishan na S.I.M. aka tsai da asibitocin Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Amma babban aikin neman magani a nan Kudu aka yi shi, a Uzuakoli ta Jihar Abiya ta yanzu. Can ne Dokta John Lowe ya nuna, wajen ƙarshen shekarun 1940, cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana kashe cutar, can ne kuma Dokta Stanley Browne ya fara gwada wani maganin mai suna kilofazimin a farkon shekarun 1960. Watau biyu daga cikin magunguna uku da duniya ke sha yau, a jikin 'yan Nijeriya aka tabbatar da amfaninsu.

Dafson ita kaɗai sai a yi shekara da shekaru ana sha, har cutar ta fara gagararta. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gama ta da kilofazimin da rifamfisin. Mai ƙaramar cuta ya sha wata 6, mai babba wata 12, shi ke nan ya warke, kuma da zarar ya fara sha ya daina yaɗa ta. Tun 1995 kyauta ake ba da maganin a ko'ina cikin duniya. Gidauniyar Nippon ta Japan ce ta fara biyan kuɗin, daga 2000 kamfanin Novartis ya karɓa. A 1991 ƙasashe suka yi alkawarin rage masu cutar su kasa mutum 1 cikin 10,000, Nijeriya kuwa ta cika wannan a 1998.

To, a nan ne aka ga iyakar ƙwayar magani. An sallami mutum daga asibiti da takardar shaidar ya warke, amma wa zai ɗauke shi aiki, wa zai sayi ƙosan matarsa, wa zai ba ɗansa aure? Gaskiya ne ƙasar Hausa ba ta kori kutare zuwa daji ba kamar yadda aka yi a waɗansu wurare. Ta ba su unguwa, ta naɗa musu sarki, sai dai sana'a ɗaya tak ta bar musu, ita ce bara. Ita ce ta ɗebo su a jirgin ƙasa da manyan motoci zuwa Kurmi, inda hukuma kan tashi lokaci lokaci ta kwashe mabarata daga titi. Hausawa da kansu sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, abin da ke nuna rabin ƙyamar ta talauci ce.

Wannan ya sa ƙungiyoyin duniya suka juya ga maganar haƙƙi. A watan Disamba 2010 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin hana nuna bambanci ga waɗanda cutar ta taɓa da iyalansu, wajen aiki da makaranta da aure da wurin zama, har ya nemi a bar kiran mutum da sunan cutarsa. A 2017 aka naɗa jami'a ta musamman, Alice Cruz, don ta riƙa bin diddigin yadda ƙasashe ke cika wannan. A nan gida Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wulakanta naƙasassu a watan Janairu 2019, aka kafa hukumarsu a 2020. Doka kam ta yi kyau a takarda, sai dai mai bara a gadar Ikko bai ga canji a ƙoƙonsa ba tukuna.

Abin da ya fi taɓa mutane kai tsaye shi ne aikin ƙungiyoyi irin su Leprosy Mission da Gidauniyar Damien ta Beljiyam mai ofis a Badun: takalma masu taushi don kare ƙafa, tiyatar gyara hannu da ido, jari na ƙaramar sana'a, da kuɗin makarantar yara. Su ma waɗanda suka warke suna da ƙungiyarsu ta duniya, IDEA, tun 1994, da reshe a Nijeriya, inda suke magana da bakinsu.

Cutar ba ta ƙare ba. Duniya na samun sababbin masu ita wajen 200,000 kowace shekara, Nijeriya kuma wajen 2,000, ban da masu ɓoyewa don kunya. Dogara ga kyautar waje ma tana da nata haɗari, domin daga 2024 zuwa Maris 2025 maganin ya yanke a ƙasar nan wajen shekara guda saboda tsaikon takardun shigo da shi, marasa lafiya suna jira jijiyoyinsu na mutuwa.

Alamarta ta fari tabo ne mai haske ko ja-ja a fata, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ba a ji. Wanda ya ga haka a jikinsa ko jikin yaronsa ba sai ya jira komawa gida da Salla ba. Ya tafi asibitin gwamnati mafi kusa ya tambayi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, ba a biyan ko kwabo. Maganin yakan sa fata ta yi duhu, amma tana washewa bayan an gama sha.