Ko Kun Sani? Shan Madara Ma Gado Ne

Ko kun san cewa kusan kashi biyu bisa uku na manyan mutanen duniya cikinsu ba ya iya narkar da ɗanyar madara yadda ya kamata? A cikin madara akwai wani sukari mai suna laktos. Hanjin jariri yana fitar da sinadarin laktes da ke narkar da shi, amma bayan yaye sai sinadarin ya yi ta raguwa. Shi ya sa wani babba in ya sha madara sai kumburin ciki da gudawa.

Da yawa daga Fulanin da ke kiwo, irin waɗanda ke rugagen Tambuwal da Kebbe, ba haka suke ba. Sun gaji wani ɗan sauyi a ƙwayoyin halittarsu da ke sa laktes ya ci gaba da fita har tsufa. Sauyin ya yaɗu ne bayan ɗan Adam ya fara kiwon shanu, shekara wajen 10,000 da suka wuce, wataƙila domin mai iya shan madara ya fi jure fari da yunwa. Abin mamaki, irin sauyin da ke jikin Fulani shi ne na mutanen arewacin Turai. Na makiyayan Kenya da Tanzaniya daban ne, kamar yadda binciken wata masaniya mai suna Sarah Tishkoff ya nuna a 2007.

Nono da kindirmo kuwa sun fi sauƙi ga kowa, saboda ƙwayoyin da ke sa su tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.