Zafin da Ƙwai Ke So: Haɗa Na'urar Ƙyanƙyasa a Buokrom

Kazar gida ba ta iya rufe ƙwai fiye da goma zuwa sha biyu a kwanci ɗaya. Zabuwa kuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, shi ya sa mutanen Tamale da Bolgatanga ke sa wa kaza ƙwan zabo. Mai kiwo a unguwar Buokrom ta Kumasi da ke son ya wuce haka, ko dai ya sayi 'yan tsaki daga manyan gonaki irin su Darko Farms da Akate Farms, ko ya haɗa tasa na'urar ƙyanƙyasa. Kayan haɗin ba su da wuyar samu a Kumasi, garin da unguwar makanikai da maƙera ta Suame Magazine take. Inda ake tafka asara shi ne wajen zafi.

Ƙwan kaza na son zafin digiri 37.5 a ma'aunin Salsiyos, dare da rana, har kwana 21. Na zabo yakan kai kwana 26 zuwa 28. Idan zafin ya ɗan sauka, ƙyanƙyasa takan yi jinkiri ne kawai. Idan ya haura digiri 40 ya daɗe a can, ɗan tsakon da ke ciki ya mutu, sai a kwashe baragurbi. Saboda haka yawan zafi ya fi sanyi illa, kuma akwati ɗaya na iya haɗa duka biyun: ƙwan da ke kusa da abin ɗumamawa yana dahuwa, na can lungu yana jin sanyi, alhali ma'aunin da ke tsakiya yana nuna komai lafiya.

Maganin wannan ƙaramar fanka ce, irin wadda ake cirewa daga tsohuwar kwamfuta. A ɗaura ta ta riƙa hura iska ta kan abin ɗumamawa, ba ta kan ƙwai kai tsaye ba, kuma kada ta tsaya ko da ɗumamawar ta ɗauke. Sai na'urar daidaita zafi, irin su W1209 ko STC-1000, mai kunnawa da kashewa da kanta. Bakin wayarta mai jin zafi daidai tsayin ƙwai ake ajiye shi, don zafi sama yake taruwa. Kafin a zuba ƙwai ko ɗaya, a bar na'urar ta yi kwana biyu tana aiki, ana auna kowace kusurwa da ma'aunin zafin jiki na kantin magani, wanda ya fi yawancin masu arha faɗin gaskiya.

Da me za a ɗumama? A da, fitilar lantarki mai zare a ciki ake sawa. Tun 2008 dokar Gana ta hana shigo da ita da sayar da ita, kuma fitilun LED da suka maye gurbinta ba sa ba da zafin kirki. A ganina wannan ya zo wa mai kiwo da alheri. Wayar ɗumamawa mai aiki da wuta bolt 12 ta fi: tana baza zafi a faɗin akwati, ba ta kashe wanda ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu kamar wutar soket mai bolt 230, sannan batirin mota ko na sola na iya riƙe ta. Duk wanda ya ga zamanin dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, musamman a 2015, ya san amfanin wannan. Gorunan ruwa uku ko huɗu a ƙasan akwatin su ma suna riƙe ɗumi na ɗan lokaci idan wutar kamfanin lantarki na ECG ta ɗauke.

Batun gobara ba na wasa ba ne a gidan haya da ɗaki ke manne da ɗaki. Kwali da farin soso na ajiye ƙanƙara suna riƙe zafi, amma soson yana narkewa, dukansu kuma suna cin wuta. Gawar tsohon firji ta fi su nesa ba kusa ba, kuma ana samunta wurin masu gyara. A sa fis a layin wutar, a ɗaure mahaɗar waya da sukuru maimakon a murɗe ta a naɗe da salatif, a kuma raba waya da kwanon ruwa. Mai amfani da fitilar kananzir ya bar ta a waje, zafinta ya shiga ta bututun ƙarfe, domin hayaƙinta guba ne ga ƙwai. Ƙwai na numfashi ta ɓawonsa, don haka a huda ƙananan ramuka sama da ƙasa.

Danshi kuwa, kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari ake so a kwana 18 na farko ga ƙwan kaza, sannan a ɗaga shi zuwa wajen 65 ko 70. Da damina iskar Kumasi kanta jiƙe take, ruwa kaɗan ya isa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai an faɗaɗa kwanon, in ba haka ba fatar cikin ƙwai ta bushe ta naɗe ɗan tsako.

A riƙa juya ƙwai aƙalla sau uku a rana, a yi wa kowane ɓangare alama da fensir. A rana ta bakwai a haska su da tocila cikin duhu, a fitar da waɗanda ba su nuna jijiyoyin jini ba. Ga ƙwan kaza, daga rana ta 18 a daina juyawa, a kuma daina buɗe murfi, ko da yara sun ji kukan tsako sun matsa a nuna musu.