Ƙaramin Biri Mai Yawan Surutu

A cikin manyan dazuzzukan Amurka ta Kudu, musamman wajen kogin Amazon, akwai wani ɗan biri wanda Turawa suka laƙaba wa suna biri-kurege, saboda ƙanƙantarsa da zafin namansa a kan itace. Nauyin babbansu bai cika wuce kilo 1 ba, wutsiyarsa kuwa ta fi jikinsa tsawo. Kewayen idanunsa fari ne, bakinsa baƙi ƙirin, sai ka ce ya tsoma shi a cikin tawada. Abincinsa 'ya'yan itatuwa da ƙwari.

Waɗannan birai ba su zama ɗai-ɗai. Sukan yi garke, 20 ko 50, wani lokaci har fiye da 100. To, daji ne mai duhun ganye, wanda ke kan wannan reshe ba ya ganin na wancan. Saboda haka da murya suke riƙe juna, suna da kuka iri-iri fiye da 20. In ɗaya ya ɓace daga garke, sai ya yi wani dogon kuka siriri, 'yan'uwa su amsa masa. In an hango shaho, akwai ɗan gajeren fito mai kaifi, kowa ya faɗa cikin ganye. In kuwa maciji ne ko kyanwar daji, sai su yi ta haushi kamar 'yan kwikwiyo. Mata kuma suna da wani kuka, "cak, cak," wanda suke yi wa ƙawayensu, ƙawa ta mayar nan take.

Amma ba inda surutu ya fi yawa kamar wurin wasan yara. 'Ya'yan biri-kurege sukan yi tsere, su yi lilo da ƙafafu kai ƙasa, su kama kokawa, suna cizon juna ba da gaske ba. Maza sun fi son kokawa. Abin sha'awa shi ne, mai ƙarfi ba kullum yake kayarwa ba. Wani lokaci sai ya kwanta, ya bar ƙaramin ya hau kansa, domin wanda ake kayarwa kullum yakan gaji, ya ƙi wasan. Duk lokacin da suke wannan kokawa kuwa suna tsiyau-tsiyau da ƙarfi, kamar 'yan tsaki.

Nan fa akwai haɗari. Mai kokawa ba ya duban sama, ga shi kuma yana ihu, kamar yana kiran shaho ya zo ya ɗauke shi. Me ya sa ba su yin wasansu shiru? Wata masaniya a Amurka, Maxeen Biben, ta lura da su ita da abokan aikinta, suka bayyana a shekarar 1989 cewa idan yara suna wasa, manyan mata sukan ƙara sa ido, suna dube-dube ko'ina. Watau ana jin kukan nan shi ke sanar da iyaye cewa hankalin yara ya tafi, su tsaya gadi.

Wasa kuma yana da sharaɗi, sai ciki ya cika. Waɗansu masana biyu, John Baldwin da Janice Baldwin, sun bi waɗannan birai a wani daji na ƙasar Panama lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Sun yi makonni suna kallo, ba su ga yaran sun yi wasa ba ko sau ɗaya, kowa neman abin da zai sa a baki yake yi tun safe har yamma. A shekarar 1976 suka ba da labarin gwajin da suka yi da biran da ke tsare. Sun niƙa musu abinci ya zama gari, mai wuyar ɗiba da yatsu, har cinsa ya cinye musu lokaci. Wasa ya kusa ƙarewa ɗungum. Da aka mayar musu da abincinsu na kullum, sai kokawa ta dawo, tsiyau-tsiyau ya sake cika wurin.