Sauya Fuskar Jif: Abin da Ke Ɓoye Bayan Bambar Gaba

Daga cikin sassan jikin mota babu wanda ido ke fara sauka a kansa kamar fuskarta, wato bambar gaba da ragar da ke samanta da fitilun da ke gefe biyu, kuma da wannan fuska ce jama'a ke gane sunan mota, su kintaci shekarar da aka ƙera ta da matsayin wanda ke cikinta. Saboda haka sauya bambar gaba ya zama sana'a mai zaman kanta a harkar manyan motocin alfarma da Hausawa ke kira jif, musamman Toyota Land Cruiser da Prado da Lexus LX 570 da Range Rover da Mercedes G-Class, waɗanda suka zama abin hawan sarakuna da 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa a Nijeriya da Nijar. Masu sana'ar suna kiran aikin ofgired, ma'ana ɗaga tsohuwar mota zuwa kamannin sabuwa, kuma ana samun kayansa a kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas da Apo a Abuja da Ƙofar Ruwa a Kano, inda akasarinsu ke shigowa daga Guangzhou ta ƙasar Sin ko kuma ta hanyar Dubai.

Abin da ake kira bamba

Abin da mai kallo ke gani ya kira shi bamba, a motocin zamani, murfi ne kawai na roba wanda aka yi masa fenti irin na jikin motar. A bayansa akwai wani abu mai kama da soso mai tauri, wanda aikinsa shi ne shanye ƙarfin ƙaramin karo, sannan a bayan soson akwai sandar ƙarfe ko ta alminiyum da aka gicciya aka ɗaure ta a kan shasi, wato ƙashin bayan motar. Wannan sanda da maƙalanta su ne ainihin garkuwa, domin an tsara su ne su lanƙwashe a wani tsari idan an yi karo, ta yadda bugun zai ragu kafin ya kai ga lagireto da inji da mutanen da ke ciki. A Amurka an kafa doka tun a motocin shekarar 1973 cewa dole bambar gaba ta jure karo a gudun mil 5 a sa'a, kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan kariya sun lalace ba, aka kuma rage ma'aunin zuwa mil biyu da rabi a 1982, abin da ke nuna cewa tun asali an ɗauki bamba a matsayin kayan kariya kafin ta zama kayan ado.

Ban da kariya, bambar jif ta zamani gida ce ga na'urori da yawa. A jikinta ake dasa ƙananan na'urorin nan masu kama da maɓallin riga da ke aika sautin da kunne ba ya ji domin auna tazarar da ke tsakanin mota da bango yayin fakin, a cikinta kuma ake saka fitilun hazo da bututun wanke manyan fitilu, yayin da kyamarar gaba da na'urar rada, wadda ke auna nisa da gudun motar da ke gaba, suke zaune a jikin raga ko bayan tambarin kamfani. Duk wanda ya cire bamba ya taɓa waɗannan abubuwa gaba ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Misalin Lexus LX 570

Babu motar da ta fi bayyana dalilin bunƙasar wannan sana'a kamar Lexus LX 570. An fara fitar da ita a 2007 a kan shasi ɗaya da Land Cruiser samfurin 200, da inji mai silinda 8 da girman lita 5.7, kuma aka ci gaba da ƙera ta a kan wannan tushe har zuwa 2021, lokacin da LX 600 ta gaje ta. A tsawon waɗannan shekaru sau biyu kamfanin ya yi mata babban gyaran fuska. A 2012 aka ba ta raga mai faɗi a sama da ƙasa, tsukakkiya a tsakiya, wadda ta yi kama da kalangu, a 2015 kuma, domin motocin shekarar 2016, aka faɗaɗa ragar har ta mamaye gaban motar daga bonet zuwa ƙasan bamba, aka siranta fitilun, aka sauya kusan dukkan jikin waje in ban da ƙofofi. Tun da ƙashin bayan bai sauya ba, masu ƙera kayan gyara suka fahimci cewa ana iya ɗora fuskar 2016 a kan motar 2008, kuma haka lamarin yake ga Land Cruiser 200, wadda ita ma aka sauya mata fuska a 2012 da 2015, da Prado samfurin 150, wadda ta fito a 2009 aka kuma gyara ta a 2013 da 2017.

Sai dai bamba ita kaɗai ba ta isa yin wannan aiki ba, domin layin da bambar 2016 ke bi bai dace da fitilun 2008 ba, fitilun sabuwa kuma ba sa zama a ƙarƙashin tsohon bonet. Don haka cikakken sauyi yana buƙatar bamba da raga da fitilu da bonet da madigadi biyu na gaba da maƙalan da ke riƙe su, sannan a nemo mai wayarin da zai haɗa tsofaffin wayoyi da sababbin fitilu masu aiki da lantarki kaɗan, in ba haka ba siginar za ta riƙa ƙiftawa da sauri ko kuma allon direba ya riƙa nuna gargaɗin da ba shi da tushe. Wanda ba ya son zuwa can yana iya tsayawa a ƙananan matakai, kamar sauya raga kaɗai, ko baƙanta sassan da ke ƙyalli, ko ƙara leɓe a ƙasan bamba, wato wani siririn yanki da ke sa motar ta yi kamar ta durƙusa.

Akwai kuma kamfanonin da suka yi suna a duniya wajen ƙawata motocin alfarma, kamar Brabus, wanda aka kafa a garin Bottrop na Jamus a 1977 ya kuma ƙware a motocin Mercedes, da Mansory na Jamus, da Wald na Japan, da Overfinch na Ingila mai aiki a kan Range Rover, yayin da Toyota da kanta take da Modellista da TRD masu ƙera kayan ado da suka dace da motocinta. Kayan waɗannan kamfanoni na asali suna da tsada ƙwarai, shi ya sa abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne kwaikwayonsu, kuma a nan ne ake samun bambancin da ke tsakanin aiki mai kyau da aikin da-na-sani.

Roba da faiba

Kamfanonin mota suna yin murfin bamba ne da wata roba mai suna folifirofilin, wadda ake narkarwa a ɗura cikin ma'aunin ƙarfe, saboda tana lanƙwasa ta komo yadda take idan an ɗan buge ta. Bambar kwaikwayo mai inganci ita ma da wannan roba ake yin ta, mai araha kuwa da faiba, wato zaren gilashi da ake shimfiɗawa da hannu a jiƙa shi da danƙo har ya daskare. Faiba ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi, kuma da yake da hannu ake zuba ta, da wuya a sami biyu da suka zo daidai, sai mai gyaran jiki ya yanke nan ya cike can kafin ta zauna. Hanyar rarrabe su ba ta da wuya ga wanda ya juya bambar ya duba cikinta, domin ta roba cikinta sumul yake, kuma galibi akwai haruffan PP da aka buga a jiki tare da lambar kayan, ta faiba kuwa cikinta kaushi ne da shi, ana ganin zaren a kwance kamar tabarmar da ta tsufa. Karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado ta dace da wannan ciniki, domin kuɗin da aka rage wajen saye yakan tafi wajen gyara da sake fenti.

Fentin ma yana da nasa ƙa'idar. Kowace mota tana da lambar launi, galibi a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kamar 202 ga baƙin Toyota ko 070 ga farinta mai sheƙin lu'ulu'u, wanda ake fesawa hawa uku, kuma idan mai fenti ya haɗa launi da ido kawai, bambancin zai fito fili da zarar motar ta shiga rana. Roba kuma tana buƙatar a fara shafa mata sinadarin da ke sa fenti ya kama, a kuma zuba wa fentin wani da ke ba shi laushi, in ba haka ba zai fara ɓarewa daga gefuna cikin ɗan lokaci.

Abin da ido ba ya gani

Babbar illar aikin da ba a yi shi da ilimi ba tana bayan fuskar ne. Ramukan bamba da raga su ne hanyar da iska ke bi ta sanyaya lagireto da na'urar sanyaya cikin mota da man giya, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ragar da aka toshe rabinta domin ado tana iya sa injin ya riƙa zafi a cunkoso. Leɓen da aka ƙara a ƙasa kuma yana rage kusurwar hawa, wato iyakar tudun da mota za ta tunkara ba tare da haɓarta ta taɓa ƙasa ba, ta yadda jif ɗin da aka ƙera domin yashi da gargada sai ta koma tana tsoron bakin kwalbati da tudun rage gudu.

Na'urar rada ta fi kowanne sashe saurin ɓaci. A motocin Toyota da Lexus masu tsarin taka birki da kansu idan sun hango haɗari, radar tana leƙe ne ta cikin tambarin gaba, wanda aka yi shi sumul da wani abu da igiyarta ke iya ratsawa, don haka idan aka musanya shi da tambarin ƙarfe na ado, ko aka karkatar da mazaunin radar ko da kaɗan ne, motar tana iya daina ganin abin da ke gabanta ko ta taka birki ba gaira ba dalili. Bayan kowane sauyi ana buƙatar a saita ta da kwamfutar gwaji da wani allo da ake ajiyewa a tazarar da kamfani ya ƙayyade. Mafi muni shi ne a yanke sandar ƙarfen ciki ko a jefar da soson domin sabuwar bamba ta sami wurin zama, domin na'urorin da ke ba jakar iska umarnin buɗewa an saita su ne bisa yadda gaban motar na asali ke karɓar bugu. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Haka kuma batun garkuwar ƙarfe da wasu ke ɗaurawa a gaban jif yake. Ta yi ƙarfi ne a Ostireliya, inda direbobin daji ke yawan karo da dabbar kangaru, kuma kamfanoni irin su ARB, wanda aka kafa a 1975, suna gwada tasu domin ta yi aiki tare da jakar iska. A cikin gari kuwa haɗari ce ga mai tafiya a ƙasa da mai babur, shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa mata ƙa'idoji masu tsauri a 2005, Indiya kuma ta umarci a hana amfani da ita a ƙarshen 2017. Wadda aka yi wa walda a bakin titi ba ta bi ta kowane gwaji ba.

Fuska da shekaru

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a kasuwar jif ta yau fuska ta daina ba da labarin gaskiya. LX 570 ta 2008 da aka yi wa fuskar 2016 tana nan da giyarta mai hawa 6, alhali ta 2016 ta asali hawa 8 gare ta, injinta da ƙafafunta kuma suna ɗauke da duk tafiyar da suka yi. Mai saye yana iya kare kansa ta hanyar duba lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka gurbinta na goma ke nuna shekara, inda 8 ke nufin 2008, D ke nufin 2013, G kuma ke nufin 2016. Takardar ginshiƙin ƙofa tana ɗauke da wata da shekarar ƙira, haka ma ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera yakan nuna shekararsa, kuma ba kasafai masu sauya fuska ke kaiwa can ba.

Babu laifi mutum ya ƙawata abin hawansa da kuɗinsa, kuma sauya fuskar mota mai lafiyayyen inji ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Laifin yana farawa ne a lokacin da dillali ya sayar da motar a farashin shekarar da fuskarta ke nunawa ba tare da ya bayyana wa mai saye ba, domin wannan algus ne a shari'a da al'ada. Saboda haka ya kamata mai mota ya zaɓi bambar roba wadda ta hau maƙalan asali, ya tsaya a gareji ya ga an mayar da sandar ƙarfe da soso yadda suke, ya tabbatar an saita na'urori kafin motar ta hau titi, ya sanar da kamfanin inshora idan yana da cikakkiyar inshora, ya kuma adana tsohuwar bambar da rasidin aikin. Mai saye kuwa ya fara karanta lambar shasi kafin ya yaba fuska.