Shantaram: Littafin Da Ya Raba Kan Masu Karatu A Kan Tuban Ɗan Fashi

Wata likita a wurin aikinmu ce ta miƙo mini shi, ta ce in rage dare da shi idan ina aikin kwana. Da na karɓa sai na yi dariya, na ce mata wannan ai matashin kai ne, domin shafukansa sun haura 900. Wata uku na ɗauka kafin in kai ƙarshensa, yawanci tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, lokacin da marasa lafiya suka samu barci kuma an gama zagayen ba da magani. Daga hannuna ya koma hannun maigidana, sai ƙanena da ke jami'a, sai wata abokiyar aikina, sannan gwaggona wadda ta yi ritaya daga koyarwa. Mu biyar muka karanta littafi ɗaya, amma da muka zauna hira sai ka rantse littattafai biyar daban muka karanta.

Sunan littafin Shantaram, na wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Gregory David Roberts, wanda ya fara fitowa a shekarar 2003 da Turanci. Saɓanin da muka samu a kansa bai bambanta da wanda ake samu tsakanin masu karatu a sauran ƙasashe ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi nan.

Wane ne marubucin?

An haifi Roberts a birnin Melbourne a 1952. Bayan mutuwar aurensa da raba shi da ƴarsa, sai ya faɗa shan hodar heroyin. Neman kuɗin saye ya kai shi ga fashi da bindigar roba, har aka kama shi aka yanke masa ɗaurin shekara 19 a 1978. A 1980 ya tsallake katangar gidan yarin Pentridge da rana tsaka ya gudu, daga baya ya ɓulla a Bombay ta ƙasar Indiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Mumbai a 1995. Sai a 1990 aka sake cafke shi a Frankfurt ta Jamus, aka mayar da shi gida ya ƙarasa zaman kasonsa. A kurkuku ya fara rubuta littafin, kuma ya sha faɗin cewa sau biyu masu gadi suka lalata masa abin da ya rubuta, yana sake farawa.

Jarumin labarin, wanda ake kira Lin, kusan sawun marubucin yake bi. Ya sauka a Bombay da fasfo na jabu, ya haɗu da wani mai yi wa baƙi jagora, Prabaker, mutum mai fara'ar da ba ta yankewa. Prabaker ya kai shi ƙauyensu a jihar Maharashtra, inda ya koyi harshen Marathi, kuma mahaifiyar Prabaker ta raɗa masa suna Shantaram, wato mutumin salama. Da kuɗinsa suka ƙare sai ya tare a unguwar marasa galihu, ya buɗe ɗan wurin duba marasa lafiya kyauta a bukkarsa. Daga nan labari ya juya: ya shiga kurkukun Arthur Road ya sha azaba, wani uban daba ɗan asalin Afganistan mai suna Abdel Khader Khan ya fitar da shi, ya shiga harkar canjin kuɗi ta bayan fage da buga fasfo na jabu, har ya bi ubangidan nasa zuwa Afganistan lokacin yaƙi da sojojin Tarayyar Sobiyet.

Waɗanda littafin ya tafi da su

Ƙanena ne kan gaba a wannan rukuni. Cikin kwana goma ya cinye shi, ya ce tun da yake bai taɓa karanta abin da ya sa shi jin ƙanshi da hayaniyar wani gari kamar wannan ba. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun saba da Bombay ta rawa da waƙa da manyan gidaje. Roberts kuwa ya nuna wadda kyamara ba ta cika zuwa ba: layin ɗiban ruwa da asuba, cunkoson jirgin ƙasa, bukkokin da gobara ɗaya ke iya lashewa cikin ɗan lokaci, da yadda mai unguwa ke sasanta rigima ba tare da an kira ɗan sanda ba. Wurin shan shayi na Leopold da ke unguwar Colaba, inda jaruman ke taruwa, wuri ne na gaske, kuma masu yawon buɗe ido kan je can saboda littafin.

Abin da ya fi taɓa maigidana shi ne karamcin talakawa. Mutanen da ba su da cin yau balle na gobe suka karɓi baƙon da ba su san asalinsa ba, suka ba shi ɗaki, suka ci abinci tare da shi. Ya ce mutum ne da ya rasa mutuncinsa a garinsu, sai wasu suka ara masa nasu har ya fara ganin kansa a matsayin mutum. A ganinsa duk wanda ya taɓa zama baƙo a wani gari zai gane wannan. Kuma kusan duk wanda ya karanta, ko mai yabo ko mai suka, ya yarda cewa Prabaker ne ran littafin. Mu biyar ɗin nan babu wanda bai ajiye shi na ɗan lokaci ba a wurin da Prabaker ya rasu a haɗarin mota.

Waɗanda ya gundura

Abokiyar aikina ta kai wajen shafi na 600 ta ce ta gaji, sai da na matsa mata ta ƙarasa. Kukanta uku ne, kuma su ne masu suka suka fi maimaitawa. Na farko tsawo: a ganinta da an zubar da kashi ɗaya cikin uku babu abin da labarin zai rasa, musamman doguwar tafiyar Afganistan. Na biyu, yawan falsafa. Kusan kowane babi sai ya ƙare da wata maganar hikima a kan so ko ƙaddara, kuma Karla, matar da Lin ke so, ba ta buɗe baki sai da karin magana, kamar ba mutum ba. Na uku, jarumin ya cika iyawa. Shi ne likita, shi ne gwanin faɗa, shi ne mai jin harsuna, kowa na son sa. Ta ce mini, "Sista, mutum ne ke ba da labarin kansa, kuma ya zaɓi ya fito da kyau."

Akwai kuma masu cewa wannan tsohon salo ne na Bature ya je ƙasar talakawa ya zama mai ceto, su kuma mutanen gari su koma ƴan rakiya a cikin labarin garinsu. Sai batun gaskiya da ƙirƙira. Roberts da kansa ya ce ƙagaggen labari ne da ya gina a kan abubuwan da suka same shi, amma da yawa sun karanta shi a matsayin tarihin rayuwa. Dangin mutumin da aka gina Prabaker a kansa sun fito sun musanta wasu abubuwan da ke ciki. Don haka mai karatu ya riƙe shi a matsayin labari, kada ya ɗauke shi shaida.

Idon ma'aikaciyar jinya

Ni kuwa inda na fi daɗewa shi ne ɗan asibitin bukka. Lin ba likita ba ne, horon taimakon gaggawa kawai gare shi, kuma wani ɓangare na magungunansa daga kasuwar bayan fage suke zuwa. Rabin zuciyata ya yaba, rabi ya tsorata. Na sha karɓar marasa lafiya da wani mai kyakkyawar niyya ya yi wa allura a gida, ko ya ba su maganin da ya ɓoye ciwon har ya ci ƙarfinsu. Kyakkyawar niyya ba ta gyara ƙodar da ta lalace. Sai dai kuma na san dalilin da ke kai mutane wurin irinsu: asibiti ya yi nisa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsu.

Babin ɓarkewar kwalara a unguwar ya yi mini kama da abin da na sani. Cutar amai da gudawa tana iya kashe mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki, kuma abin da ke ceton mafi yawan masu ita ba wani abu mai tsada ba ne: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mutum yana kurɓa har a kai shi asibiti. Gajiya da tsoro da rashin barcin da aka kwatanta a wurin, duk wanda ya yi jinya a lokacin annoba zai gane su.

Haka kuma na yaba da yadda littafin bai yi wa shaye-shaye kwalliya ba. Bayan shekaru da dainawa, da baƙin cikin rashin abokansa ya danne Lin, sai ya koma wa heroyin, aka sha wuya kafin a raba shi da ita. Haka abin yake a zahiri. Iyalai da yawa kan yanke ƙauna idan ɗansu ya koma ruwa bayan an yi murnar ya daina, alhali komawar tana cikin yanayin ciwon, kuma a lokacin ne ya fi bukatar a riƙe shi.

Shin ya tuba?

A nan ne hirarmu ta yi zafi, kuma gwaggona ce ta kunna wutar. Ta ce ta karanta shafi sama da 900 tana jiran tuba, ba ta gan ta ba. Ta tuna mana sharuɗɗan da muka koya tun muna Islamiyya: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar wa mutane haƙƙinsu. Nadama kam akwai ta a kusan kowane shafi. Amma mutumin da ya bar fashi a Melbourne ya koma buga fasfo na jabu a Bombay, in ji ta, sana'a kawai ya sauya. Kuma waɗanda ya tsorata da bindiga a can gida, ina nasu haƙƙin? Ta ce, "Ƴar nan, wanke ciwon wani a Indiya ba ya biyan bashin da ka ci a Ostireliya."

Maigidana ya kawo mata labarin nan da ya zo a hadisi, na mutumin da ya kashe rai 99 ya cike na ɗari, wanda wani malami ya shawarta da ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki, ya rasu a hanya kuma aka yi masa rahama. Ya ce ashe barin gari na iya zama farkon gyara. Gwaggo ta amsa cewa wancan ya nufi garin salihai ne, shi kuwa Lin ya samu mutanen kirki a unguwar talakawa, ya bar su da ƙafarsa ya koma wurin ƴan daba. Dogayen jawaban Khader Khan a kan cewa mutum na iya aikata mummuna da kyakkyawar manufa, a wurinta, irin maganar da kowane azzalumi ke lallashin kansa da ita ce.

Na daɗe ina juya maganarta, kuma ina ganin ta fi mu gaskiya, sai dai a wuri ɗaya. Littafin bai ce jarumin ya tsira ba. Ya nuna mutum ne mai tashi yana faɗuwa, wanda yunwar uba da ta iyali ta sa ya miƙa wuyansa ga wanda ya yi amfani da shi. Shi kuma marubucin, a rayuwa ta zahiri, bai samu zama ya rubuta ba sai da aka mayar da shi inda ya gudo ya biya abin da doka ke bin sa.

Wannan muhawara ba ta tsaya a takarda ba a gidanmu. Muna da ɗan uwa da ƙwaya ta kai shi ga sata, ya yi zaman gidan yari, ya fito ya koma wani gari inda ba a san shi ba. Yana sana'a, mutanen can na yabon sa, amma har yau bai taka gidan matar da ya sayar wa keken ɗinkinta ba. Duk abin da muka faɗa a kan Lin, shi muke nufi, ko da yake babu wanda ya ambaci sunansa. Bayan an watse, gwaggo ta kira shi a waya, ta ce ya zo ta raka shi.

Ga mai son karantawa

Littafin na manya ne. Akwai shaye-shaye, karuwanci, zagi da azabtarwa a fili, don haka kada a bar shi inda yara za su ɗauka. Yana da ci gaba mai suna The Mountain Shadow da ya fito a 2015, kuma a 2022 Apple TV+ ta mayar da shi fim mai dogon zango tare da Charlie Hunnam a matsayin Lin, amma aka dakatar bayan zango ɗaya. Wanda ba ya da haƙurin dogon karatu, kashi na farko, daga saukar Lin a Bombay zuwa ƙarshen zamansa a unguwar talakawa, ya isa ya biya shi wahalarsa. In da hali a karanta shi tare da wani a gida, domin mu dai hirar da ta biyo baya ta fi littafin amfani a gare mu.

A halin yanzu yana hannun wata maƙwabciyarmu. Ta kai shafi na 200, kuma ta riga ta aiko tana tambaya ko Prabaker zai yi aure. Ban ba ta amsa ba.